Faifan da ya bar ganga ta zama mai gida

Duk inda aka ambaci kiɗan Jamaika, sunan Bob Marley ke fara zuwa bakin mutane, kuma ya cancanta. Amma a 1973, shekarar da Marley da Wailers suka fitar da Catch a Fire, wani aiki ya fito daga Kingston wanda nake ganin duk mai son kiɗa ya kamata ya zauna ya saurara. Sunansa Grounation, na Count Ossie da ƙungiyar Mystic Revelation of Rastafari, faya-fayan garmaho uku a kwali ɗaya.

Masu shaguna a layin rege suke ajiye shi, sai dai wanda ya sa shi yana jiran irin kiɗan rawar da ya saba zai sha mamaki. Abin da zai fara ji ganguna ne iri uku na kiɗan Nyabingi na 'yan Rasta: babba mai amo kamar bugun zuciya, matsakaiciya mai riƙe taki, da ƙarama mai yi musu kwalliya. A kansu sai busar Cedric Brooks, ɗalibin makarantar Alpha ta Kingston wadda ta yaye manyan mabusan ƙasar, yana kawo salon jaz na baƙaƙen Amurka. Can sai kiɗa ya lafa, Sam Clayton ya shiga ba da tarihin bauta da jigilar mutane daga Afirka, kamar dattijo a dandali. Shi Clayton ya ga Afirka da idonsa, domin yana cikin tawagar 'yan Rasta da ta ziyarci Habasha a shekarun 1960.

Me ya sa wannan haɗi bai zama kwamacala ba? Saboda kowa ya san matsayinsa. Count Ossie, wanda ainihin sunansa Oswald Williams, ya shekara da shekaru yana kiɗa a sansaninsa na tudun Wareika da ke gabashin Kingston, inda mabusan gari kan hau da dare su zauna da makaɗa. Ganga ce mai gida, kayan busa baƙi ne da suka yi sallama aka yi musu shimfiɗa. Ba a sutudiyo suka fara sanin juna ba, shi ya sa busa ba ta take kiɗa.

A wancan zamani masu hali na Jamaika kallon ƙasƙanci suke yi wa 'yan Rasta da gangunansu. Duk da haka gangunan Ossie ne suka ɗaga Oh Carolina da Prince Buster ya naɗa wa Folkes Brothers, waƙar da Shaggy ya sabunta a 1993 ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Abin da aka raina shi ya yi ƙarko.

Ossie ya rasu a 1976, shekara uku bayan fitar faifan. Nakan tuna shi duk lokacin da na ji mawaƙi ya sallami makaɗinsa ya rungumi fiyano, wai don ya tafi da zamani. Grounation ya karɓi baƙon sauti hannu bibbiyu, bai kori ganga daga ɗakinta ba, kuma yau fiye da shekara 50 ana nemansa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.