Waiwaye: Tsakanin Akwatin Rediyo da Zauren Maigida

Duk wanda ya karanci aikin jarida a jami'a zai tuna darasin ra'o'in sadarwa, kuma da wuya ya tuna shi da daɗi. Sunayen Turawa ne da shekaru a jere, a rubuta a allo, a kwafa, a haddace, a juye ranar jarrabawa. A zamaninmu hankalin ɗalibai yana ɗakin gwajin rediyo, inda ake koyon zama gaban makirfo da karanta labarai da irin muryar ma'aikatan Sashen Hausa na BBC ko Rediyon Kaduna. Ajin ra'i kuwa neman maki ke kai mutane. Amma da na shiga aiki, cikin duk abin da aka karantar da mu babu wanda ya yi mini rana kamar wani ra'i guda daga wannan aji.

Asalinsa binciken da Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka yi a gundumar Erie ta jihar Ohio a Amurka, lokacin zaɓen shugaban ƙasa na 1940 tsakanin Roosevelt da Willkie. Kafin nan mutane da yawa sun ɗauka abin da rediyo da jarida suka faɗa yana shiga kan mai sauraro kai tsaye ya juya shi, domin sun ga irin aikin da farfaganda ta yi a yaƙin duniya na ɗaya da kuma a Jamus ta Hitler. Masu binciken suka zaɓi mutum kusan 600, suna komawa wurinsu wata-wata tun daga Mayu har Nuwamba, suna tambayar wa za su zaɓa da abin da ya sa. Sai suka tarar 'yan ƙalilan ne kafofin yaɗa labarai suka sauya wa ra'ayi. Waɗanda suka sauya ma, sau da yawa wani mutum suke ambatawa: ɗan'uwa, maƙwabci, abokin aiki. A littafin da suka fitar a 1944 suka bayyana cewa saƙo zango biyu yake yi. Yakan fara sauka wurin wasu mutane masu bin labarai sosai waɗanda ake jin maganarsu, daga bakinsu ya isa ga sauran jama'a. A 1955 Elihu Katz da Lazarsfeld suka faɗaɗa batun da wani binciken da aka yi a kan mata kusan 800 a garin Decatur.

Ban ga wannan ra'i da rai ba sai a rikicin rigakafin shan-inna. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon, Kano kuma ta fi kowa daɗewa, sai ƙarshen Yulin 2004 aka ci gaba. Maganar da ta cika gari ita ce an sa wa maganin abin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. A wancan lokaci ba a rasa sanarwa ba. Rediyo na yi safe da yamma, likitoci na bayani, ana liƙa fastoci a bango. Duk da haka 'yan rigakafi suna isa ƙofar gida a ce musu maigida bai yarda ba.

An yi ta ɗora laifin a kan jahilci, ni kuwa wannan bayani bai taɓa gamsar da ni ba. Mutanen da suka ƙi, su ne masu kwana da rediyo a kunne, sun san abin da ke faruwa a Iraƙi, wadda Amurka ta mamaye a Maris na 2003. Sun kuma tuna 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, wasu suka mutu, wasu suka nakasa, aka shekara da shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ga kuma tambayar da iyaye suka riƙa yi, wadda ba a amsa da wuri ba: me ya sa ake bin mu har gida da wannan kyauta, alhali in zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ya kama yaro sai mun sayi magani da kuɗinmu? Saƙon rediyo yana isa, ba shakka. Sai dai kafin ya zama hukunci, yakan bi ta majalisar ƙofar gida bayan la'asar, da teburin mai shayi, da masallacin unguwa, kuma a waɗannan wurare akwai wanda in ya girgiza kai magana ta ƙare.

Hanyar da aka bi aka warware ita ma ta wannan zango ta bi. Gwamnatin Kano ta amince da maganin da aka yi a Indonesiya, ƙasar Musulmi. Gwamna Ibrahim Shekarau ya kawo 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, aikin ya gangaro daga sarki zuwa hakimi, dagaci, mai unguwa, aka jawo limamai da ungozomomi da wanzamai. An biya tsada kafin nan. A 2006 yara sama da 1,000 cutar ta kama a Nijeriya, kuma ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da ita kanta Indonesiya. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Amma fa ra'in Lazarsfeld bai ɗauke duk abin da muka gani ba, kuma nan ne abin ya fi burge ni. A Ohio mai kaɗa ƙuri'a shi ke yanke wa kansa. A nan wadda ta ji sanarwar tana cikin gida, tana jin rediyo tana aikinta, wataƙila ma ta gamsu, amma izini yana zaure. Namiji baƙo ba ya wuce inda aka rubuta "ba shiga". Shi ya sa aka koma ɗaukar matan unguwa, waɗanda aka sani aka san iyayensu, suna shiga gida-gida da gidajen suna, suna magana da uwa da kaka. Zangon ya wuce biyu ke nan, wani lokaci ma baya yake komawa, kaka ta shawo kan ɗanta da liman bai iya shawo kansa ba. Farfesa Frank Ugboajah na Jami'ar Legas ya daɗe da jan hankali cewa hanyoyin sadarwa na baka, irin su mai shela da kasuwa da taron biki, sun cancanci nazari kamar yadda ake nazarin jarida. A ajinmu sunansa bai samu rabin lokacin da aka ba na Turawa ba.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, ra'i tambaya ce da wani ya yi wa garinsu a zamaninsa, ya samu amsa. Amfaninsa gare mu shi ne mu ɗauki tambayar mu yi wa namu garin. Ɗalibin da ya haddace "Lazarsfeld, 1944" ya ci jarrabawa. Wanda aka tura Fagge ko Tudun Wada ya bi sawun labari guda, ya gano wa ya fara ji, wa ya faɗa wa wa, a bakin wa aka gaskata, a bakin wa aka ƙaryata, shi zai iya rubuta sanarwar da za ta buɗe ƙofa. Yana damuna ƙwarai ganin kundin kammala digiri da ake buɗewa da babin ra'i da aka kwafo daga kundin bara, sannan a raba takardun tambayoyi ga 'yan aji ɗaya a ce an yi bincike, alhali unguwa tana bayan katangar makaranta.

Yanzu saƙon murya ne ke yawo a WhatsApp, a tura daga zauren 'yan'uwa zuwa na tsofaffin ɗalibai, kuma mutum yakan gaskata shi ne gwargwadon mutuncin wanda ya turo masa. Mun gani a lokacin korona. A 2023 kuma mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi ko'ina yawan waɗanda suka kamu, da yawansu yara ne da ba a kammala musu rigakafi ba. Ko wace uwa ko wane uba da bai kai ɗansa ba yana da wanda ya ji ta bakinsa kafin ya yanke shawara. Sassan koyar da aikin jarida da ke Kano da Zariya da Maiduguri suna da ɗaliban da suka tashi a waɗannan unguwanni, suna jin harshen, kuma in sun yi sallama za a shimfiɗa musu tabarma a zaure su yi tambayarsu.