Filin Masu Sana'a: Zaɓen Kayan Injin Faskare

A ƙauyukan Amurka da Kanada, inda ake dumama gidaje da itace, manoma da yawa kan haɗa injin faskarensu da kansu. Sirrin injin kuwa shi ne ƙa'idar da Bafaranshen nan Blaise Pascal ya bayyana, watau in aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yakan bazu ko'ina daidai wa daida. A kanta ne Joseph Bramah na Ingila ya gina injin matsi a 1795.

Mai walda da ke son gwada wannan aiki, tilas ne ya fara da silinda, gama faɗinta ne ke yanke ƙarfin injin. Silinda mai faɗin inci 4, in mai ya matse ta da laba 2,500 a kowane inci murabba'i, tana tura gungume kan bakin gatari da ƙarfin tan 14. Mai inci 5 takan kai wajen tan 22, amma fa ta fi shan mai, saboda haka ta fi nawa.

Sai famfo. Silindar inci 4 mai tsawon inci 24 tana cika da mai kamar lita 5. Famfon da ke zuba lita 42 a minti ɗaya zai miƙar da ita cikin daƙiƙa 7. A nan ne mutane kan yi hasarar kuɗi: famfo mai mataki ɗaya na wannan girma yana bukatar inji mai ƙarfin doki 16 ko fiye. Mai mataki biyu kuwa, doki 6 sun ishe shi, domin yakan tura mai da yawa muddin fistin bai gamu da tauri ba. Da zarar itace ya yi gardama, sai ya rage gudu ya ƙara matsi.

Lalle bawul ya zama mai sakin mai ya koma tanki in matsi ya wuce kima, in ba haka ba tiyo ya fashe ko inji ya mutu. Ƙaramin tanki yana sa mai ya yi zafi, robobi su lalace. A kuma sa matata a hanyar dawowar mai.

Abin da ya fi duka muhimmanci: kada a kuskura a laluba yoyon tiyo da hannu. Man da ke tsartuwa da irin wannan matsi yana huda fata, ya kan kuwa jawo yanke yatsa. A kara kwali a wurin, shi zai nuna inda ramin yake.