Maganin Rashin Tattara Hankali: A Bar Wa Likita Zaɓi

A ofisoshin sakatariyar Katsina, da ɗakunan karatu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ba a rasa mutumin da ake yi wa shaidar kaifin basira amma ya kasa kai aiki guda ƙarshe. Ya buɗe wannan fayil, ya bar shi, ya manta da taro, takardar tuhuma ta biyo baya. Galibi akan ce malalaci ne. Wasu daga cikin irin waɗannan kuwa ciwo ne da su, wanda likitoci ke kira ADHD, watau rashin iya tattara hankali. Tun ƙuruciya yake farawa, yana kuma bin wasu har girma. An ƙiyasta cewa manya 2 zuwa 3 cikin 100 suna da shi.

Magungunansa iri biyu ne. Na farko su ne masu zaburar da ƙwaƙwalwa, kamar metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin, da dangin amfetamin. Cikin sa'a guda suke fara aiki, wani ya yi awa 4 a jiki, wani ya kai 12. Wani babban nazari da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2018 ya nuna cewa ga manya, dangin amfetamin ne suka fi tasiri a makonnin farko. A shekarar ce kuma Ingila ta sa wannan rukuni a sahun gaba wajen yi wa manya magani. Amma suna rage cin abinci, su hana barci, su ɗaga bugun zuciya da jini.

Na biyu shi ne atomoksetin, wanda Amurka ta amince da shi a 2002. Ba ya sa maye, ba shi da kasuwa wurin 'yan ƙwaya. Sai dai yana son haƙuri, domin sai an yi makonni ana sha kullum kafin a ga canji, kuma ƙarfinsa bai kai na farkon ba. Shi ma yakan kawo tashin zuciya, ya taɓa hawan jini, jefi-jefi har hanta.

To, a nan ne zancen ya shafi wannan jiha. Dattawa ba su manta da ɓarnar da ƙwayoyin hana barci suka yi wa direbobi da manoma da 'yan jarrabawa ba. Ga na kodin, wanda har Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka ba a ga laifin masu tsoron Ritalin ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ma ta sa shi cikin magungunan da ake tsare su. Amma hana mai ciwo maganin da ya fi yi masa aiki, don gudun wani ya sata, zalunci ne.

Wannan jarida tana ganin likitan ƙwaƙwalwa kaɗai ya cancanci ya zaɓa. Mai ciwon zuciya ko hawan jini a auna shi tukuna. Wanda ya taɓa shan ƙwaya, ko ɗalibin da ke kwana cikin abokai masu roƙon "guda ɗaya" daren jarrabawa, atomoksetin zai fi masa kwanciyar rai. Rashin barci da damuwa ma sukan kawo wannan alama, kuma mai kemis ba zai iya bambance su ba.

Tun da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta haɗa kai da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a ware ranar duba manya masu wannan larura. A tanadi magungunan iri biyu a kantin asibiti, na farkon a kulle, kowace ƙwaya da lissafinta a littafi, hukumomin NAFDAC da NDLEA kuma su riƙa duba littafin.