Ina Waɗanda Aka Yaye Bara?

 

Ran Asabar da ta wuce an gayyace ni bikin yaye ɗalibai a wata makarantar koyon sana'a ta mata a nan garinmu. An kafa rumfa, manya sun yi jawabi, sa'an nan aka riƙa kiran 'yan mata ɗai ɗai ana ba kowace takardar shaida, waɗansu har da keken ɗinki sabo ful. Ana cikin tafi da guɗa sai wata dattijuwa da ke kusa da ni ta taɓa ni, ta ce, "Malama, ke da kika yi boko, ina na bara?" Na ce, "Inna, su wa?" Ta ce, "Waɗanda muka yi wa guɗa bara a rumfar nan. Jikata tana cikinsu. Ta zauna wata da watanni tana jiran mai kawo ɗinki, ga teloli sun cika layinmu, har aka gaji aka sayar da keken aka sayi hatsi. Tun daga ran nan ba wanda ya leƙo ya tambayi yadda ta ƙare."

Na rasa abin da zan ce mata, na kuwa koma gida da maganar a raina. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa malama ba ta shiga aji sai ta rubuta abin da za ta koyar, in ta gama kuma sai ta gwada yara ta ga ko ya shiga. Ke ma uwargida, in kika aiki yaro cefane, kikan lissafa masa abin da zai sayo, in ya komo ki duba kwando ki karɓi canji. To, kuɗin da ake koya wa 'ya'yanmu sana'a da shi kuɗin jama'a ne, ya cancanci irin wannan lissafi. Don haka yau zan ba ku labarin wata ƙasa da ta mai da tambayar Inna doka.

Ƙasar Amurka tana da jihohi 50, kowace da gwamnanta. Kowace shekara gwamnatin tarayya tana ba jihohin nan kuɗi don a koya wa mutane sana'a, a kuma taimake su samun aiki. Dokar da ke bisa wannan sha'ani, wadda suke taƙaita sunanta su ce WIOA, Shugaba Barack Obama ne ya sa mata hannu ran 22 ga Yuli, 2014, ta maye gurbin wata da aka yi a 1998. Manyan ayyuka 6 ta haɗa wuri ɗaya: taimakon manya masu neman aiki, da na waɗanda aka sallama don an rufe wurin aikinsu ko an rage ma'aikata, da na samari da 'yan mata, da yaƙi da jahilci na manya, da ofisoshin neman aiki waɗanda aka kafa tun 1933, da kuma taimakon masu naƙasa su sami abin yi.

Akwai wani abu cikin dokar da ya kamata matan aure su ji. Matar da ta shekara da shekaru tana hidimar gida ba albashi, tana dogara da abin da mijinta ko wani ɗan'uwa ke samowa, sa'an nan abin ya yanke, ta nemi aiki ta rasa, doka ta sa ta cikin jerin waɗanda suka rasa aikinsu. Watau an yarda cewa daka da girki da reno aiki ne, wadda ta yi su kuma tana da hakkin a koya mata sana'a kamar ma'aikacin da aka rufe masa masana'anta.

Amma kuɗin nan ba ya fita haka kawai. Tilas gwamnan kowace jiha ya rubuta shiri na shekara 4 ya aika wa gwamnatin tarayya, bayan shekara 2 kuma a sake dubawa a gyara. An aika da na fari a 2016, sa'an nan 2020, sa'an nan 2024. Cikin shirin sai ya faɗi irin sana'o'in da ake bukata a jiharsa yanzu da waɗanda za a bukata nan gaba, da irin gwanintar da masu ɗaukar ma'aikata ke nema, da irin ilmin da mutanensa ke da shi, da inda makarantun da ke akwai suka iya da inda suka gaza. Bayan wannan ne zai faɗi abin da yake nufin yi. Da an yi wa layin su Inna irin wannan bincike, da an ƙidaya teloli kafin a sayi kekuna.

Gwamna kuwa ba ya rubuta shirin shi kaɗai. Akwai majalisa da ke taya shi, wadda doka ta ce fiye da rabin wakilanta su zama masu kamfanoni da ma'aikatu, shugabanta ma daga cikinsu, sa'an nan aƙalla 20 cikin 100 su fito daga ɓangaren ma'aikata. Dalili shi ne, mai ɗaukar ma'aikata ya fi kowa sanin wanda zai ɗauka gobe. Kafin a aika da shirin kuma sai an baje shi ga jama'a, kowa ya karanta ya faɗi ra'ayinsa. In ya isa, manyan jami'an tarayya suna da kwana 90 su duba shi.

Wannan shi ne alkawari. Kyan alkawari kuwa cikawa, don haka kowace shekara tilas jiha ta kawo rahoto. Shekarar aikinsu tana farawa ran 1 ga Yuli ta ƙare ran 30 ga Yuni, suna kuma raba ta kashi huɗu, wata uku uku. Abubuwa 6 ake aunawa. Na ɗaya, cikin waɗanda suka gama, mutum nawa ke da aiki a kashi na biyu bayan fitarsu, watau wajen wata 6. Na biyu, mutum nawa ke da aiki a kashi na huɗu, wajen shekara guda ke nan. Na uku, nawa suke samu. Na huɗu, mutum nawa suka sami takardar shaida wadda aka yarda da ita, ko suna cikin koyo ko cikin shekara guda bayan fita. Na biyar, waɗanda ba su gama ba tukuna, ko ana ganin ci gabansu. Na shida, ko masu ɗaukar ma'aikata sun amfana. Ku lura, yawan waɗanda suka halarci biki ba ya cikin ma'aunin nan. Ana rubuta yawan waɗanda aka koya wa da abin da aka kashe a kan kowane mutum, amma yabo da zargi suna jiran bayan an kwashe kujeru.

Ƙannena 'yan makaranta, ga ɗan lissafi dominku a kan ma'auni na uku. A ce mata 5 sun gama koyo. Biyu suna samun dubu 10 kowace, ɗaya dubu 12, ɗaya dubu 13, ta biyar kuwa Allah ya buɗa mata tana samun dubu 100. In aka tara aka raba biyar, sai a ce kowace tana samun dubu 29, alhali huɗu daga cikinsu ko rabin wannan ba su gani ba. Saboda haka dokar ta ce a jera su daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya, watau dubu 12. Ta haka sa'ar mutum ɗaya ba ta rufe halin sauran.

Har wa yau ba a yarda a dunƙule kowa wuri ɗaya ba. Sai rahoto ya ware maza da mata, ya ware shekaru, ya nuna yadda aka yi da masu ƙaramin ƙarfi, da mata masu renon 'ya'ya su kaɗai, da matan nan da na ambata waɗanda abin dogaronsu ya yanke. Makarantar da take son a turo mata ɗalibai da kuɗin nan ita ma sai an sa ta cikin jerin da jiha ta yarda da shi, ta kuma riƙa faɗin yadda ɗalibanta suka ƙare. Duk wannan ana buga shi a intanet don uwa ta duba kafin ta kai 'yarta.

Wata za ta ce, ai mai makaranta yana iya rubuta abin da ya ga dama. Sun yi tunanin wannan. A can masu ɗaukar ma'aikata suna aika wa jiha lissafin albashin da suka biya kowane wata uku, saboda asusun da ake tallafa wa wanda ya rasa aiki. Cikin wannan lissafi ake duba waɗanda aka koya wa, ba a dogara ga bakin wanda ya koyar ba. Jihar da ta kasa kai ma'aunin da aka yi yarjejeniya a kai, shekarar fari a taimake ta ta tsara gyara. In ta sake kasawa shekara ta biyu a jere, ko ta ƙi kawo rahoto, sai a taɓa aljihun gwamna, gama doka ta ba shi ikon riƙe har 15 cikin 100 na wani kaso na kuɗin don ayyukan jiha baki ɗaya, daga nan ake zaftarewa.

Ba dare ɗaya suka kai nan ba. A ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1982, an yi wani babban gwaji a wurare 16. Tsakanin 1987 da 1989 aka raba masu neman shiga wajen 20,000 ta hanyar ƙuri'a, waɗansu aka ba su damar shiga, waɗansu ba a ba su ba, sa'an nan aka bi sawunsu duka. Aka tarar manyan mata da maza sun ɗan sami ƙarin abin hannu, amma samari da 'yan matan da suka bar makaranta ba a ga wani ƙari a wurinsu ba. Labari ne marar daɗi, amma da ba a bi sawu ba, da an ci gaba da guɗa ba a sani ba.

Kada ku ɗauka tsarin ba shi da aibu. In aka ce za a auna mutum da yawan waɗanda suka sami aiki, sai ya fara zaɓen waɗanda ko ba shi za su samu, ya kauce wa wadda ba ta iya karatu ba ko mai goyo. An yi kukan wannan tun zamanin dokar 1982. Maganin da dokar 2014 ta kawo shi ne a daidaita ma'aunin kowace jiha bisa halin kasuwarta da irin mutanen da ta karɓa, don kada wanda ya ɗauki kaya mai nauyi ya sha zargi. Aibu na biyu ya fi shafarmu. Mai aikin kanta ba ta cikin lissafin albashin nan, sai an bi ta an tambaye ta. Mu kuwa yawancinmu a cikin gida muke sana'a, ɗinki, da saƙa, da kitso, da ƙuli-ƙuli, ba mai rubuta mana albashi. Saboda haka ba za mu kwafo hanyarsu yadda take ba. Abin da za mu ɗauka shi ne a rubuta niyya tun da fari, a kuma komo a duba bayan wata 6 da bayan shekara.

Wannan kuwa ba sai da kwamfuta ba. Littafin rubutu guda ya isa. Ina roƙon 'yan'uwana malamai masu koyar da sana'a, kowace ta buɗe rajista ta biyu bayan ta kiran suna: sunan ɗaliba, da unguwarsu, da abin da ta koya, sa'an nan a bar fili biyu. Bayan wata 6 a aika ko a je a cika na fari, bayan shekara a cika na biyu. Tana sana'ar? Kayan aikin suna nan? Tana samun abin da ya kai ta sayi zare da sabulu har ya yi saura? In kika ga fili bayan fili babu, to, kin san lokaci ya yi da za a sake sana'ar da ake koyarwa.

Iyayena, kafin ki biya kuɗin fom ko ki saki 'yarki ta yi wata shida tana zirga-zirga, ki tambayi shugabar makaranta cikin ladabi, waɗanda suka gama bara su nawa ne, nawa ke aiki da abin da suka koya, ki kuma roƙa a nuna miki gidan ko da biyu daga cikinsu. Gani ya kori ji. Ƙungiyoyinmu na mata kuma, in wani babba ya zo da albishirin sabon shiri, mu yi godiya yadda ya kamata, sa'an nan mu roƙi a karanta mana sakamakon na baya. Ba rashin kunya ba ne, hakkin 'ya'yanmu ne.

Ni dai na yi wa Inna alkawari zan je in ga jikarta ran Juma'a, mu zauna mu duba abin da unguwarsu ta rasa wanda hannunta zai iya. Wadda duk aka taɓa yaye ta a irin makarantun nan, ta rubuto wa wannan fili ta gaya mana yadda ta ƙare, ko da daɗi ko ba daɗi, za mu buga ba tare da sunanta ba.

Allah ya sa albarka cikin sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.