Mun San Zanen, Ba Mu San Mai Zanen Ba

'Yan'uwana mata, in an sayo wa yaro littafi mai hotuna, wace ce a cikinmu takan duba bango ta ga sunan wanda ya yi zanen? Kaɗan ne ƙwarai. Alhali kuwa a wurin yaron da bai iya karatu ba, zanen nan shi ne littafin dungum. Don haka yau nake so mu tuna da wata mata da duniya ta ci moriyar hannunta, sa'an nan sunanta ya dushe.

Sunanta Gyo Fujikawa. An haife ta a 1908 a garin Berkeley na Jihar Kalifoniya ta Amurka, iyayenta kuwa mutanen Japan ne da suka je neman abinci. Ta koyi zane a Los Angeles, ta yi aiki a kamfanin Disney, kana ta koma New York a 1941. Ba a daɗe ba yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Japan. A 1942 gwamnati ta tattara mutane kimanin 120,000 masu jinin Japan ta tsare su a sansanoni, ba don sun yi laifin kome ba. Iyayen Gyo suna ciki, aka kai su Jihar Arkansas. Ita zamanta a New York ne ya kuɓutar da ita. Watau ke nan ta san zafin a ware mutum saboda kamanninsa, ba labari aka ba ta ba.

A 1957 ta yi zanen wani littafin waƙoƙin yara na Robert Louis Stevenson, a 1968 kuma ta yi na Mother Goose, watau tsoffin waƙoƙin reno na Turawan Ingila. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne ɗan littafinta mai suna Babies, na 1963. A cikinsa ta zana jarirai baƙaƙe da farare da 'yan Asiya wuri guda, suna rarrafe, suna ci, suna barci. A yau wannan ba kome ba ne. A wancan lokaci kuwa, a jihohin kudancin Amurka ana raba baƙi da fari a makarantu da gidajen abinci, kuma dokar da ta hana haka a wuraren taruwar jama'a ba ta fito ba sai 1964. A kamfanin ɗab'in aka ji tsoron kada littafin ya yi kwantai a kudu, aka nemi ta cire baƙaƙen jariran. Ta ce sam. Aka buga shi yadda ta so, shi da ɗan'uwansa na 'ya'yan dabbobi suka sayu fiye da miliyan guda.

Wata za ta ce, to ai zane ado ne kawai, kalmomi su ne ilmi. Ni ban yarda ba. Gani ya kori ji. Yaro ɗan shekara biyu ba ya gane wa'azin zaman lafiya, amma yana gane fuska. In kullum ya buɗe littafi bai ga mai kama da shi ba, sai ya ɗauka duniyar littafi ta wasu ce. In kuwa ya ga kansa tare da 'ya'yan wasu, ya koyi darasi tun kafin ya iya magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Har ila yau akwai batun haƙƙi. A da, akan biya mai zane sau ɗaya a sallame shi, ko da littafin zai shekara talatin ana sayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Gyo tana cikin masu zane na farko da suka ƙi wannan ciniki, ta ce sai dai a riƙa ba ta kaso daga kowane littafi da aka sayar. Kuma aka ba ta. Mata masu sana'ar hannu, masu ɗinki da saƙa da kitso da lalle, ku lura da wannan: wadda ba ta san darajar aikinta ba, ba wanda zai gaya mata.

Ta rasu a New York a 1998, tana da shekara 90, bayan ta yi littattafan yara kusan 50. Ba ta haihu ba, amma 'ya'yan mutane da yawa sun tashi da zanenta a hannu. A 2019 wata marubuciya, Kyo Maclear, ta fitar da littafin yara a kan rayuwarta, sunan ya sake fitowa fili.

To, abin da nake roƙo ba shi da yawa. In kin sayi littafi, karanta wa yaro sunan mai zanen kamar yadda kike karanta na marubucin, ki kuma duba irin fuskokin da ke ciki kafin ki biya. In kuma kin tarar da 'yarki tana zane a bayan littafin lissafi, kada ki fara da faɗa. Saya mata takarda da fensir mai launi. Waƙoƙin renon da muka gada daga kakanninmu su ma suna bukatar mai zana su, ƙila ita ce.