Bizar Shekara Biyar Ba Takardar Zama Ba Ce

A 'yan shekarun nan babu takardar da ta kai biza daraja a idon samarin ƙasan nan, har ma da magidanta masu iyali. Da zarar an ji cewa an buga wa wane biza ta shekara biyar, irin wadda ake shiga a fita da ita sau da yawa, sai 'yan'uwa da abokan arziki su yi ta zuwa yi masa barka kamar wanda aka yi wa naɗin sarauta. Shi kuwa gogan sai ya sa filinsa a kasuwa, ya ajiye aiki ko ya rufe shago, ya yi sallama da kowa a kan ya tafi ke nan sai bayan shekara biyar. Alhali kuwa takardar da aka manna masa a fasfo ba ta faɗi haka ba.

Abin da ke rikita jama'a shi ne wa'adi iri biyu ne a cikin sha'anin, su kuwa ɗaya suke gani. Akwai wa'adin bizar kanta, watau tsawon lokacin da mutum yake da damar zuwa ya yi sallama a ƙofar ƙasar. Akwai kuma yawan kwanakin da za a bar shi ya yi a ciki a kowane zuwa. Maigidan da ya ce wa baƙo ya riƙa zuwa duk sa'ad da ya ga dama, zaure ya buɗe masa, bai ba shi ɗaki a cikin gida ba. Ranar da baƙon ya kawo akwatinsa da tabarmarsa ya ce ya tare, ran nan zumuncin zai lalace.

Ingila tana ba da bizar ziyara ta shekara 2, da ta shekara 5, da ta shekara 10, amma ko wacce mutum ya samu ba zai wuce wata shida a zuwa ɗaya ba, kuma ba shi da izinin kama aiki. Wasu masu wayo sukan yi wata biyar da 'yan kwanaki, su komo gida su yi mako biyu, su sake komawa. Dokar ta riga ta san da wannan dabara, gama ta hana a mai da yawan ziyara ta zama zama, kuma jami'in da ke filin jirgin sama yana da ikon mai da mutum gida a jirgi na gaba ko da bizarsa da sauran shekara takwas.

A Amurka hukuncin ya fi haka tsanani. Jami'in shige da fice ne yake yanke wa mai ziyara ranar fita sa'ad da ya sauka, galibi wata shida, kuma wanda ya zarce wannan rana ko da kwana ɗaya bizarsa ta mutu, komai yawan shekarun da suka rage mata. Bisa wata doka ta 1996, wanda ya zarce da fiye da kwana 180 sa'an nan ya fita, ba ya komawa sai bayan shekara 3, wanda kuwa ya zarce da shekara guda ko fiye sai bayan shekara 10. Kana ita kanta doguwar bizar ba gadon gidan kowa ba ce. Ran 1 ga Maris, 2023 Amurka ta ƙara wa'adin bizar ziyara ga 'yan Nijeriya daga shekara 2 zuwa 5, aka yi ta murna. Ba a cika shekara biyu da rabi ba, a watan Yuli na 2025, ta mai da galibin sababbin bizar 'yan Nijeriya wata uku kacal, shiga ɗaya tak, a watan Disamba kuma ta ƙara ƙuntatawa, kuma cikin dalilan da ta kawo har da yawan masu zarce wa'adi. Laifin wasu ke nan ya shafi wanda bai ji ba bai gani ba.

Ƙasashen Turai 29 da ke cikin yarjejeniyar Shengen, wadda aka fara sa wa hannu a 1985, nasu lissafin daban ne. Mai bizar gajeren zango kwana 90 yake da su a cikin kowane kwana 180, kuma ƙasashen duka ana ɗaukarsu tamkar ƙasa guda. Wanda ya yi kwana 90 a Jamus ba zai tsallaka Italiya ya ce ya buɗe sabon shafi ba. Ita ma ana bayar da mai shekara biyar, amma sai ga wanda aka gwada aka ga yana zuwa yana komowa a kan kari: a fara masa da ta tafiya ɗaya, in ya kiyaye a ba shi ta shekara guda, sa'an nan ta biyu, sa'an nan ta biyar. Watau dai ladan komawa gida ce ake ba shi. Da can jami'i yakan bi hatimin fasfo yana ƙirga kwanaki da yatsa, wani lokaci a yi sa'a ya ɓata lissafi. Daga ran 12 ga Oktoba, 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyaka, kwamfuta ce take ƙirgawa, ita kuwa ba a yi mata magiya.

Inda wannan kuskure ya fi cin Hausawa ba Turai ba ne, ƙasa mai tsarki ce. Shekara da shekaru mutane suna shiga Saudiyya da bizar Umra da niyyar zama, su ɓuya a unguwannin Makka da Jidda, mata suna aikatau, maza suna ƙananan sana'o'i, kullum ido na kan motar 'yan sanda. A 2022 hukuma ta tsawaita zaman mai Umra daga kwana 30 zuwa 90, amma bizar tana nan ta ibada, ba ta aiki ba. Takardar zama a can ita ce igama, wadda galibi sai ta hannun wanda ya ɗauki mutum aiki ake samunta, kuma mai igama ma in zai zo gida ganin iyali sai ya karɓi izinin fita da komowa, na tafiya ɗaya ko na tafiye-tafiye. A watan Maris na 2021 aka sassauta, ma'aikaci ya iya neman wannan izini da kansa, sai dai sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba, su ne kuwa suka fi bukata. Mai son zama ba tare da ubangida ba, a 2019 an buɗe masa hanya, amma kuɗin da aka sa shi ne Riyal 800,000 na dindindin, ko Riyal 100,000 kowace shekara. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ƙarshensa gidan tsare baƙi, sa'an nan jirgin Kano, yawanci da tufafin jikinsa kaɗai, wani lokaci da 'ya'yan da aka haifa a can waɗanda ba su taɓa ganin Nijeriya ba.

Ko tsakanin maƙwabta an sha ganin haka. Ran 18 ga Nuwamba, 1969 gwamnatin Dokta Kofi Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Yarabawa da Hausawa 'yan zango da suka shekara talatin suna fataucin goro da shanu, ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda, har suka ɗauka daɗewa ita ce takarda. A watan Janairu na 1983 kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi irin haka, fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, mafi yawansu 'yan Ghana. A lokacin kuwa akwai yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta yarda a shiga ba biza, amma kwana 90 ta ce, ba ta ce a tare ba.

To, ina takardar da ake zama da ita? Tsarin Faransa ya isa misali, domin ya raba abubuwan biyu a fili. Duk wanda zai wuce kwana 90 a can tilas ya nemi bizar dogon zango tun yana ƙasar da yake zaune. In ban da wasu 'yan lokuta ƙalilan, ba a shiga da ta ziyara a juya ta a can, sai an komo gida an sake layi. Ana cika takardar nema a shafin France-Visas na intanet, a karɓi ranar ganawa, a je da kai a ɗauki zanen yatsu. Kuɗin nema a 2025 Yuro 99 ne ga galibin mutane, kuma in an hana ba a mayarwa.

Abin da ofishin jakadanci yake so ya sani ba ya wuce tambaya biyu: me zai kai ka, kuma me za ka ci? Ɗalibi sai ya bi ta hukumar Campus France, ya nuna makaranta ta karɓe shi, ya nuna kuma yana da abin ciyar da kansa, wanda a 2024 Yuro 615 ne kowane wata. An yarda ya yi aiki, amma kada ya wuce awa 964 a shekara. Ma'aikaci ba shi ne ke fara magana ba, wanda zai ɗauke shi aiki ne zai fara samo izini daga hukuma. Mijin Bafaranshiya ko matar Bafaranshe da nasu layi. Akwai kuma wani rukuni da ya fi kama da abin da masu hannu da shuni suke nema, watau mai zaman kansa, wanda zai je ya zauna ya ci daga aljihunsa. Shi sai ya nuna masauki, da inshorar lafiya, da kuɗin shiga da ya kai kimanin mafi ƙarancin albashin ƙasar, kana ya sa hannu a takardar alkawari cewa ba zai yi wani aikin neman kuɗi a Faransa ba. Wanda ya sayar da filinsa don ya cika asusu na 'yan kwanaki, da nufin in ya isa ya kama aiki, ya karya alkawarin tun bai shiga jirgi ba. Su ma masu duba takardun ba yara ba ne, sun san kuɗin da ya kwana a asusu, sun san wanda aka zuba shekaranjiya.

Ko an sami bizar da sauran aiki, a nan ne ma wasu suke tuntuɓe bayan sun sha duk waccan wahala. Irin wadda aka fi bayarwa tana aiki daga wata 4 zuwa shekara guda, ana shiga da fita da ita yadda aka so, kuma ita ce a madadin katin zama, amma da sharaɗin mutum ya tabbatar da ita cikin wata uku da saukarsa. Tun watan Fabrairu na 2019 ta intanet ake yin wannan, a ba da adireshi da ranar shiga, a biya haraji. Aikin rabin awa ne. Wanda ya shagala har wata ukun suka wuce ya zama baƙon haure da biza mai rai a fasfonsa, in kuma ya zo gida jana'iza ko biki ba zai koma ba sai ya nemi sabuwa. Wanda ya tabbatar kuwa yana iya ziyartar sauran ƙasashen Shengen, amma a can ƙa'idar kwana 90 tana kansa, gama Faransa kaɗai ce ta ba shi ɗaki.

In yana son ya zarce shekara, sai ya nemi katin zama a ofishin lardin da yake, aƙalla wata biyu kafin bizar ta ƙare, a sake duba ko dalilin da ya kawo shi yana nan. Ɗalibin da ya bar zuwa aji, ko auren da ya mutu, duk suna iya kashe takardar. Sai bayan shekara biyar na zama bisa ƙa'ida yawancin mutane suke kaiwa ga neman katin shekara goma, shi ma sai da jin Faransanci, sharaɗin da dokar watan Janairu na 2024 ta ƙara tsanantawa. Wanda aka hana biza tun farko yana da damar kai kuka ga wani kwamiti da ke birnin Nantes cikin kwana 30, a rubuce da Faransanci, in bai gamsu ba ya wuce kotun da ke wannan birni. Siyasa ma takan tsoma baki. Bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 a Nijar dangantaka ta yi tsami har Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024, ɗaliban Maraɗi da Damagaram da suka riga suka sami gurbin karatu suka rasa inda za su miƙa fasfo a ƙasarsu.

Duk wannan doguwar hanya ita ce ta buɗe wa dillalai kasuwa. Dillali ba ya buga biza, kuma ba shi da ɗan'uwa a ciki kamar yadda yake rantsuwa. Iyakarsa ya cika takarda, in kuwa ya cusa ta jabu, sunan mai fasfo ne yake shiga kwamfuta, ba nasa ba. Mafi muninsu shi ne wanda zai karɓi miliyoyin Naira a kan bizar zama, ya samo ta ziyara, ya nuna wa mutum shekarun da ke jiki ya ce ga aiki ya yi kyau.

Gane wannan ba ya bukatar lauya. A jikin bizar ƙasashen Shengen akwai layin da ya nuna ranar farawa da ranar ƙarewa, shi ne wanda kowa yake kallo. Ƙasa da shi akwai gurbin yawan shiga, inda ake rubuta 1, ko 2, ko MULT ga mai shiga da fita sau da yawa, kusa da shi kuma gurbin yawan kwanakin zama. Sa'an nan akwai gurbin irin bizar, mai harafi ɗaya tak. In an rubuta C ta ziyara ce, kwanakinta ba sa wuce 90 ko da ranar ƙarewarta tana shekara biyar nan gaba. Ta dogon zango ita ce mai harafin D.