Daga Duwala zuwa N'Djamena: ba yawan kaya kaɗai sikeli ke kamawa ba

Chadi ba ta da teku. Mafi yawan kayan da ake saukewa a kasuwannin N'Djamena daga tashar jiragen ruwa ta Duwala suke tasowa, su yi tafiyar kusan kilomita 1,800, su ratsa Kusiri, su haye gadar Ngeli a kan kogin Logon. A wannan hanya akwai tashoshin awon manyan motoci, kuma duk tarar da aka ci direba a can, mai sayen shinkafa da siminti ne ke biyanta a ƙarshe.

Ƙa'idar ƙasashen CEMAC, wadda Kamaru ta sa a dokarta tun 1996, ta kayyade tan 50 ga mota da kayanta baki ɗaya. Sai dai ta kuma kayyade abin da kowane gatari, wato sandar da ke riƙe da tayoyi, zai ɗauka: tan 13 ga guda ɗaya, 21 ga biyu a jere, 27 ga uku. A nan ne 'yan kasuwa da dama ke faɗawa. Tirela na iya zuwa da tan 45 kacal, amma a ci ta tara, domin an jibge kaya a gaba, nauyin ya sauka kan mahaɗar da ke tsakanin kan mota da bodi, daga nan ya danne tayoyin bayan kan motar.

Gane nauyin da ke kan mahaɗar ba wuya. A auna kan mota shi kaɗai. A ɗaura bodin da kayansa, a sake hawa sikeli da tayoyin kan motar kawai. Bambancin awon biyu shi ne abin da mahaɗar ke ɗauke da shi. In ya yi yawa, a ja kaya baya. In ya yi kaɗan, tayoyin da ke jan motar ba za su kama ƙasa sosai ba, birki ma ya zama abin tsoro.

Me ya sa hukuma ta damu da gatari? Gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in nauyin gatari ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa kwalta na ninkawa kusan sau 16.

Masu kai kaya Nijar su lura: dokar UEMOA ta 2005 ta tsaya a tan 11.5 zuwa 12 ga gatari ɗaya na baya. Lodin da ya wuce lafiya a Kamaru na iya zama laifi a hanyar Diffa.

Saboda haka gyaran yana wurin lodi. Muddin ba a auna tirela gatari-gatari kafin ta bar Duwala ko Ngawundare ba, direba ne zai ci gaba da amsa laifin lodin da ba shi ya tsara ba.